Matar Jikin Shinge da Wutsiyar Akuya

Tsohon mai fenti yana tsaye gaban shingen kwanon da aka kewaye sabon gini da shi, hannu a ƙugu, sai huci yake yi. Wandonsa ya sha fenti har ba a gane asalin launinsa, ga ɗan buroshi maƙale a bayan kunne. Da gani ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen rubuta allunan shaguna, sai yanzu aka ba shi shinge guda aka ce ya zana abin da ransa ke so.

Abin da ransa ke so kuwa wata mata ce mai wushirya, ɗauke da kwandon lemo, akuyarta na gefe. To, jiya leburori sun ciccire kwanukan don motar yashi ta shiga, suka mayar da su yadda suka ga dama. Yanzu baiwar Allah tana ta murmushi, ga wutsiyar akuya a bayanta.

"Baba, kada ka wahalar da kanka," in ji shugaban leburorin. "Sati mai zuwa za mu kwashe shingen gaba ɗaya."

Tsohon bai ko kalle shi ba. Yana goge ƙurar kumatun matar da babban yatsa, a hankali, irin shafar da ba a yi wa kwano. Wannan wushiryar dai ya san mai ita.

"Sati guda?" Ya zaro filaya daga aljihu. "Kai in taka ce, za ka bar ta ta kwana bakwai a bakin titi da wutsiya? Zo ka kama min nan."

Shugaban leburorin ya ajiye wayarsa, ya kama.