Maganaɗisun da na ɗaura wa mahaifina

A wancan lokacin ina da 'yar rumfa a kasuwar Jega inda nake gyaran rediyo da lasifika, kuma ina ganin babu abin da ya shige mini duhu. Mahaifina manomin albasa ne a Danwarai. Wata rana da na je gaishe shi, ya faɗa mini cewa kunnensa na hagu ya yi watanni yana ƙara kamar kukan gyare, ba ya tsayawa ko yana salla. Ƙanwata ta riga ta kai shi asibiti a Aliero, an ce kunnen yana ruwa daga ciki, a wuce da shi wurin likitan kunne a babban asibiti kada a jinkirta.

Ni na hana tafiyar. Na taɓa gani a waya cewa a ƙasashen waje ana maganin ƙarar kunne da maganaɗisu, ana kara wata na'ura a kan mutum. Ban tsaya na fahimta ba. Na ciro maganaɗisu biyu daga tsohuwar lasifika, na ɗinke su cikin hula, na ce Baba ya riƙa sawa safe da yamma. Ƙanwata ta roƙe ni har da hawaye, na ce mata abin da ta sani daban, wannan fannina ne. Duk zuwan da na yi, sai Baba ya ce Alhamdu lillahi, ana samun sauƙi, Allah ya yi mini albarka. Har nakan ba abokan sana'a labari.

An fi shekara a haka. Ranar wani suna a Maiyama na ga Baba ya ware gefe, ana yi masa magana yana murmushi kawai. Na ja Inna gefe na tambaye ta. Ta ce ƙarar ba ta taɓa raguwa ba ko na yini ɗaya, yanzu har jiri yake yi a gona, amma ya hana ta faɗa, wai kada ya kunyata ni bayan na wahala dominsa.

Da muka je wurin likitan, na fito da hular na nuna masa. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce maganin da na gani gaskiya ne akwai shi, amma na'ura ce ta musamman da ƙwararru ke sarrafawa, har yanzu ana kan bincikenta, kuma ba kowa take yi wa amfani ba. Maganaɗisun lasifika kuwa ba ya komai. Ya ce ciwon ya riga ya cinye kunnen, da mun zo da wuri da an ceto wani abu.

Yau kunnen hagu ya mutu, ƙarar kuma tana nan. Baba ya daina zama majalisa. Da na nemi gafararsa, sai da na maimaita sau uku kafin ya ji, ya ce shi bai riƙe ni da komai ba.

Na gane cewa rabin sani ya fi rashin sani cutarwa idan aka haɗa shi da girman kai. Ina roƙon mai karatu, idan likita ya ce a wuce gaba, a wuce. Kuma idan iyayenku suka ce sun ji sauƙi, ku tambayi wanda yake zaune da su.