Numfashi a Bangon Yaya

Shekarar da aka ce Turawa sun miƙa mulki, mu a Kaoje abin da ya dame mu daban ne. Daminar da ta gabata kogi ya cika ya shigo gari, ya ci ɗakuna da yawa, har da na yayata, tana da ƙaramin ciki. Mijinta mutum ne mai gaggawar tsiya, ko tuwo a tsaye yake ci. Da rani ya yi, sai ya ce shi ba zai tsaya kwaɓa ƙasa da ciyawa yana yin tubali kamar kowa ba. Ya tafi fadama inda laka ta bushe ta tsattsage, ya riƙa ɓamɓaro ta gunduwa-gunduwa, ya jera a gindin bango, ya yaɓe. Dattawa suka yi masa magana, ya ce laka ai laka ce. A cikin ɗakin nan Yaya ta haifi 'yarta ta fari.

Ni aka tura in zauna da ita, in riƙa dafa mata ruwan wankan jego. Lokacin an sa mini rana da wani mai kwalekwale ɗan Bagudo, kuma ina son sa, ba zan ɓoye ba. Kaina ya cika da zancen bikina.

Bazara ce, irin wadda ko kaza sai ta buɗe baki a inuwa. Wata rana da tsakar rana gari ya yi tsit, jaririya tana barci, Yaya ta dafa gwiwata.

"Ke, saurara. Wa ke numfashi?"

Na ce jaririya mana. Ta girgiza kai, ta nuna gindin bango, bayan gado. Na kasa kunne. Da farko ba komai. Can sai na ji shi, a hankali, kamar tsoho ya ja iska ta baki ya riƙe. Aka daɗe, aka sake ja. Yaya ta ƙwanƙwasa wurin da bayan ludayi, sai wani abu ya amsa daga ciki, ɗan gajeren gurnani. Na fita da gudu na zagaya bayan ɗaki. Babu akuya, babu mutum, sai rana.

Ni na kama bakina. Yaya kuwa ba ta iya shiru ba, tun muna yara haka take. Ta gaya wa miji, ta gaya wa surukarta, ta gaya wa duk wadda ta zo barka. Su kuma in sun shigo, da surutunsu suke shigowa, abin ba ya motsi. Sai Yaya ta daina barin jaririya a kan gado. Ta daina cin abinci a ɗakin. Ranar da aka same ta durƙushe tana ƙwaƙular bango da farce har jini ya fito, surukar ta ɗauke jaririyar ta ce iska ta shige ta a jego.

Aka taru a tsakar gida, mijinta da kawunmu da Inna. Yaya tana kuka tana cewa a tambaye ni. Kawu ya juyo.

"Ke da ke kwana ɗakin ga, mi kika ji?"

Abin da ya faɗo mini a rai shi ne dangin mai kwalekwale. In aka ce 'ya'yan gida biyu suna jin murya a bango, ai shi ke nan, haukan na gado ne, wa zai ɗauka? Na sunkuyar da kai na ce, "Ban ji komai ba, Kawu."

Yaya ba ta zage ni ba. Da ma zagina ta yi. Kallona kawai ta yi, ta daina kukan.

Bayan kwana biyu aka sa ta a jirgin ruwa, aka haura da ita bayan Lolo, cikin ƙasar Dahome, wurin wani mai maganin masu taɓin hankali. Aka yanke cewa ba za a mayar mata da 'yarta ba sai ta warke. Ni aka bar ni a gidan ina taya surukar reno, ina share ɗakin da babu kowa. Kullum da rana abin yana nan yana jan iskarsa, ni kaɗai nake sauraro.

Sai ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, ya kwanta a gindin bango. Da hantsi na shiga da tsintsiya, na tarar yaɓen bayan gado ya kumbura ya fashe. A ƙasa ga wani abu nan tsawon kamu ɗaya, yana murɗawa cikin caɓi, da wata busasshiyar fata maƙale a jikinsa kamar ganyen taba. Na ɗauka maciji ne, har na ɗaga tsintsiya. Sai na ga 'yan siraran hannuwan nan kamar zare. Gaiwa! Kifin nan da ke shigewa cikin laka in ruwa ya janye, ya naɗe, ya kwana rani yana shaƙar iska ta ɗan rami. Duk ɗan Kaoje ya san ta, har tono ta ake yi a fadama. Amma ba wanda ya taɓa neman ta a bangon ɗaki, don ba wanda ya taɓa gina ɗaki da lakar da ba a taka ba.

Na ƙwala wa mijin Yaya kira. Ya zo ya tsaya, ya dubi ramin, ya dubi kifin. Fuskarsa ta canza, na gani da idona. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "To, ku sa ta a miya."

A miya! Ban san lokacin da na ce masa duk wanda ya taɓa ta sai dai ya haɗa da ni ya dafa ba. Na ce a je a ɗauko Yaya yau ɗin nan. Ya ce shuka ta kama, kuma wanda aka aika wurin mai maganin ya dawo da cewa magani ba a katse shi, sai kaka. Na je wurin Inna na faɗa mata gaskiya, cewa ni ma na ji, ƙarya na yi. Ta rufe mini baki da tafin hannunta, ta ce in rufa wa kaina asiri.

Sai na ɗauki wata tsohuwar randa mai tsagaggen baki, na zuba laka a gindinta, na cika da ruwan kogi, na sa gaiwar a ciki. Na ƙudurta sai Yaya ta gan ta da ranta, ta ji ta da kunnenta, don ta san ƙalau take.

Riƙon gaiwa ba wasa ba ne. Tana shiga ta tona laka ta ɓace, sai ɗan bakin rami. In na leƙa, ruwa lum, kamar ba komai. In na daɗe sai in ga idanu biyu ƙanana suna kallona daga ƙasa, ba ƙiftawa. Jifa-jifa ta taso sama ta ja iska, da sautin nan dai na bango, ta koma. Na riƙa kawo mata tana da dodon koɗi, ina jin tana farfasa su ƙurus-ƙurus. Ta cije ni a yatsa, tabon yana nan. Wata safiya na same ta a bakin ƙofa tana jan ciki za ta gudu, daga nan na riƙa rufe randar da faifai in ɗora dutse. Ba na son ta, tsoronta ma nake ji, amma ban taɓa kula da wani abu kamar yadda na kula da kifin nan ba. Da mai kwalekwalen ya ji labarin duka, dariya ya yi ya ce shi ko bangon ne ya yi mini magana zai aure ni. Ranar na yi kuka kamar raina zai fita.

Bayan an yanke gero aka dawo da ita. Ta rame, an aske mata kai, ga zanen marin ƙarfe a idon sawunta. Ta gaida kowa da ladabi, murya ƙasa-ƙasa, Yayar da a da ake jin ta daga bakin kogi. Surukar ta tsaya nesa da jaririya a goye, ta ce a bari a ga kamun ludayinta tukuna.

Ban iya jira ba. Na ja hannunta zuwa bayan ɗaki, na ɗaga faifan. Muka tsaya. Ruwan ya motsa, gaiwar ta taso ta ja iska.

"Kin ji, Yaya? Ita ce. Cikin bango take, ni na tsince ta. Na ji tun ranar farko, ƙarya na yi wa Kawu. Lafiyarki lau."

Ba ta dubi randar ba. Waiwayawa ta yi ta ga ko akwai mai jin mu.

"Ban ji komai ba," ta ce. "Babu komai a bango. Na warke."

Gaiwar ta sake jan iska, da ƙarfi wannan karon. Yaya ko gezau. Sai ta durƙusa a gabana, ni ƙanwarta, ta riƙe gefen zanena.

"Don Allah ki je ki gaya musu na warke. Ke suna yarda da maganarki. Su ba ni ɗiyata."

Na mayar da faifan, na je na gaya musu.