Injin Kawu Sale da Harajin Shekarun Matsi

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, mai injin casar shinkafa a Sabon Garin Wudil. Allah Ya jiƙansa. Har yau in na bi ta rumfarsa na ji ƙamshin dusa, sai kewarsa ta kama ni.

Inji biyu gare shi, yana ji da su ƙwarai. Mukan tsokane shi cewa ya fi saurin jin tarin inji a kan na iyalinsa, ya yi dariya bai musa ba. Da matsin tattalin arziki ya zo, dizal ya yi tsada, manoman Ɗankaza suka rage kawo shinkafa, inji ɗaya ya kwanta. Masu haraji kuwa ba ruwansu da ciniki, ƙarfen da suka gani a tsaye suke yanka wa kuɗi, yana aiki ko ba ya yi.

Maƙwabtansa suka ga mafita ɗaya ce: su kwance injinansu su sayar wa 'yan gwangwan. Ni ma na ba shi wannan shawara.

"Kawu, ka sayar mana ka huta."

"Kai, yaro! In kaka ta yi kyau da me zan yi casa? Da rasit?"

Babur ɗinsa ya sayar ya biya, ya koma tafiya a ƙafa. Yakan ce a ci daga riba ba laifi, amma mai taɓa jari irin shuka yake dafawa. Da albarka ta dawo, rumfunan da suka kwance ba su sake tashi ba, ma'aikatansu suka watse, shinkafar garinmu ta koma tafiya Kano casa. Ya yi baƙin cikin wannan har ya bar duniya.

Da zai leƙo yau, da ya ce an koma gidan jiya. Ɗansa Habibu ke riƙe da rumfar, inji na biyu ya sake kwantawa, ga magidanta da ke ci a ƙarƙashinsa. Makon jiya mai gwangwan ya zo ya taya.

Habibu ya ce da ni, "Yaya, Baba babur ya sayar. Ni me zan sayar?"

Da mai gwangwan ɗin ya dawo da motarsa, Habibu ya ba shi ruwa ya sha, ya raka shi bakin titi, ya dawo ya ɗaure wa injin bel ɗin da ke juya shi.