Ɗan Wasan da Na Saki da Hannuna

Duk mai son sanin asalin halinsa, kada ya wahalar da kansa da littattafan falsafa. Ya jira ranar da wanda ke ƙasa da shi zai tsinci abin da ya yar, abin kuma ya yi masa albarka. Ni a irin wannan rana na haɗu da nawa halin, ban kuwa ji daɗin haɗuwar ba.

Shekarun baya, mu da muka yi sakandare ɗaya a gida, aiki ya watso mu Ingila, muka buɗe gasar ƙwallo ta waya. Kowa zai zaɓi 'yan wasa na gaske ya haɗa ƙungiyarsa. Idan suka ci ƙwallo a fili, maki ya shigo masa. Ɗan wasa ɗaya ba ya zama na mutum biyu. Da yake ni ne malamin lissafi, ina koyarwa a unguwar Gorton ta Manchester, ni aka ɗora wa tsara dokoki.

Na aro wata doka daga manyan gasannin Amurka, wadda suke kira waiver. A can idan ƙungiya ta gaji da ɗan wasa, ba buɗe masa ƙofa take yi ya tafi inda ya ga dama ba. Sai a sa sunansa a jeri na kwana ɗaya ko biyu, duk mai so ya nema. Idan masu nema suka yi yawa, wadda ta fi kowa shan kashi ake ba, da kwantiraginsa da komai. Na ce mu ma duk ɗan wasan da ba shi da mai shi, ta wannan layi za a riƙa nemansa kowane mako. Na rubuta bayanin a group ɗinmu har sakin layi huɗu, na kira shi adalci ga raunana. Lokacin ni ne na ɗaya, kuma adalci yana da daɗin faɗa daga sama.

Sai ɗan wasan gabana, wanda ya fi kowa kawo min maki, ya ji rauni. Na sake shi na cike gurbin da wani, da niyyar in lallaɓa in dawo da shi idan ya kusa warkewa. A lissafina, ba mai lura.

Na ƙarshe a tebur abokina ne na Birmingham, injiniya. Benci ɗaya muka zauna tun aji ɗaya, ni ina karɓar kyauta, shi yana tafa min. Mutum ne da zai bar wanda aka ba jan kati a cikin ƙungiyarsa har mako biyu bai sani ba. Makon da na shigar da buƙatata ta dawo da ɗan wasan, sai ga wayarsa.

"Malam, tunda ni ne na farko a layin nan naka, wa zan ɗauka?"

Na ce, "Akwai wani ɗan baya, very solid. Ɗauke shi kawai."

"To madalla. Allah ya ƙara ilimi."

Ranar Juma'a na buɗe waya a staff room, na ga an ƙi buƙatata. Ɗan wasana ya koma Sparkbrook, unguwar abokin nawa a Birmingham. Na kira shi ina ƙoƙarin yin dariya.

Ya ce, "Ai tun muna makaranta, idan ka ba ni amsa da sauri haka, na san ta gaskiyar tana ƙarƙashin hannunka. Sai na duba wa ka taɓa saki."

Mutumin ya warke, ya dawo kamar ya yi alwashi. Duk Asabar sai ya ci. Ni kuwa ina falona a unguwar Old Trafford ina yi wa masu tsaron gidan da ban san sunansu ba addu'a. Abokina ba ya ko gori. Sai dai ya turo, "Malam, naka ya sake ci," kuma wannan "naka" ita ta fi ci min rai. Matata ta ce, "Malam, mutumin nan fa bai san kana duniya ba." Na ce mata batun ƙa'ida ne.

Daga nan na yi abin da da ɗalibina ne ya yi, sai na kira iyayensa. Na fara ajiye gwanayena a benci da gangan, don in gangara ƙasa in zama na farko a layi, ko zai yi kuskure ya sake shi.

Ana cikin haka matarsa ta haihu. Na ce ina da marking, wato duba takardun ɗalibai, ba zan samu zuwa suna ba. Matata ta ce ta riga ta sayi tikitin jirgin ƙasa, takardun su biyo mu.

A gidansa, bayan Stratford Road, an ci waina da miyar taushe, aka miƙo min jaririya in yi mata addu'a. Na yi, na shafa. Tana hannuna na matsa kusa da shi.

"Angon ƙarni, Allah ya raya. In ba ka 'yan wasa uku, ka ba ni ɗayan nan?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya tsaya ya dube ni.

"Malam, shekara talatin kana gabana, ban taɓa jin haushi ba. Bar min wannan ɗayan mana."

Na miƙa masa jaririyar, na koma wurin zamana.

A jirgi muna komawa Manchester na gane cewa da wani ne ya ɗauke shi, da na manta cikin mako guda. Abin da ya dame ni shi ne mai tafa min ya sami abin da za a tafa masa, kuma da dokar da na rubuta da kaina. Mun ci gaba da zumunci, yarinyar ma yanzu Baffa take kirana. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, har yau idan na ga ɗan wasan nan a talabijin sai na canza tasha.

Bai taɓa sakinsa ba, tawa ƙungiyar kuma ba ta farfaɗo ba. A ƙarshen kakar abokina ya zo na bakwai, ni na takwas. Mu takwas ne a gasar.