Goran Kaka a Kan Jigawa

Jiya wasu fatake suka sauka a gindin tsamiyar kasuwa da bandar kifi daga gabas. Ina wucewa ƙanshin tarwaɗa ya buge ni, na tsaya cak. Har wani cikinsu ya ce, "Iya, saye za a yi?" Ina! Ni ba kifi nake gani ba, Kakana nake gani.

Ku da aka haifa a garin nan ba ku san mu mutanen ruwa ba ne. A bakin kogin Haɗeja aka yanke mini cibiya, a wani ɗan ƙauye da fadama ta kewaye, inda shinkafa ke kai wa mutum ƙirji. Kakana, mahaifin Babana, masunci ne. Yana da gora, wani ƙaton duma mai ɗan baki a sama, wanda mutum ke kifa cikinsa a kai ya bi ruwa, in ya kama kifi ya jefa a ciki.

Damina uku a jere ambaliya tana ci mana ɗaki da rumbu. A ta ukun ta tafi da ƙanena. Baba ya ce shi da kogi har abada. Bayan girbi gida biyar muka ɗaura kaya a jakuna da takarkarai, muka nufi yamma, inda aka ce akwai dajin da gatari bai taɓa shiga ba. Kaka bai so ba, amma ba wanda za a bar shi da shi. Ya rataya goransa a baya ya ce, "Rakiya na yi muku. Kuna kafa rumbu zan koma."

Kwana tara muna tafiya, ƙasa tana ƙara ja, itatuwa suna ƙara ƙaya. Muka tarar da rugar Fulani a wani kwari. Wata tsohuwarsu ta ba mu nono, ta ce wa Baba, "Ku sauka nan kusa da mu, in kun haƙa, ruwa gaba huɗu ne. Can sama ba komai sai yashi." Baba ya dubi kwarin, bai ga komai ba sai inda ruwa zai kwanta ya ci yara. Haka mutumin fadama yake, in ya ga tudu ya ga tsira. Ya zaɓi jigawar da ta fi kowacce tsayi, sauran maza suka ce madalla.

Suka sare sabara, suka kafa bukkoki, suka fara haƙa rijiya. Gaba goma, yashi. Gaba ashirin, yashi busasshe ƙamas. Ga rani ya shigo, ga tulunanmu yawanci sun fashe a hanya. Mata ke gangarawa rijiyar Fulani da hantsi, ba su dawowa sai rana ta take tsaka.

Ba yarinya tsarata ko ɗaya a wurin. Shirun dajin nan har ciwo yake sa mini, ba kwaɗo, ba kukan dinya, sai iska a cikin ƙaya. Sai in je in raɓa jikin Kaka, shi ma ba shi da abokin hira. Kullum yana zaune ya ba yamma baya, yana shafa wa goran man gyaɗa, yana ƙwanƙwasa shi da yatsa don ya ji ko ya tsage. Yakan ce, "Amarya, shirya, a kan wannan zan kai ki ɗakinki." In ce, "Allah ya kiyaye! Wa zai auri tsoho mai ƙarnin kifi?"

Ran nan Inna, da tsohon ciki, ta zame a kan gangara, babban tulunmu na ƙarshe ya tarwatse. Kaka ya daɗe yana kallon tsingaron. Sannan ya tashi ya ajiye goran a gaban ɗansa. "Ɗora wa takarkari, yana cin tulu uku." Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "To kai da me za ka koma?" Ya ce, "Ran da rijiyarku ta kawo ruwa ku ba ni abina."

Rijiyar ba ta kawo ba. Igiya ta yi ta cin goran har ya tsage, mata suka ɗinke shi yadda ake ɗinke ƙwarya. Ɗinkakken gora yana riƙe ruwa, amma ba ya ɗaukar mutum a kogi. Kaka ya ƙwanƙwasa shi sau ɗaya, ya saurara, ya miƙa musu. Daga ranar bai ƙara kirana amarya ba, kuma ya daina zama yana duban gabas.

Kafin ruwan fari ya rasu. Ruwa rabin gora ya rage a gidan a ranar, da ludayi aka riƙa auna ruwan wankansa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a cikin kogi! Ina bayan danga ina jin ɗigarsa a yashi, wallahi har yau ban huce ba.

Da shekara ta kewayo Baba ya sauko da mu kwari. Baƙi suka yi ta zuwa, gonaki suka cinye burtali, wata safiya muka ga Fulanin sun tashi sun ƙara yin yamma, ko sallama ba mu yi da tsohuwar nan ba. Yanzu ga ganuwa, ga kasuwa, kowa na cewa nan ne asalinsa. Goran yana bayan ɗakina, kaji ke ƙwai a ciki, jikokina sun ɗauka akurki ne. Kaka kuwa yana can kan jigawa shi kaɗai, kusa da ramin rijiyar.

Ban sayi kifin ba jiya. Na dai tambayi fataken ko kogi ya kawo bana, suka ce ya cika har ya shafe fadama. Da la'asar na ɗauki sandata da butar ruwa, na hau jigawar ina hutawa a hanya, na je na gaya masa.