Hijabin Hawwa'u a Gindin Tsamiya

Duk wanda ya san Hawwa'u ya san Allah bai yi ta da haƙurin jira ba, ga shi kuma aikinta duk jira ne. 'Yar wani malami ce daga Bukkuyum, ita ke riƙe da ƙaramin asibitin wani ƙauye gaba da Tungar Guru. Tun shekarar da gubar dalma ta yi wa yaran yankin ɓarna take ɗibar jinin yara, a kai Anka a kan babur, ta zauna dakon takardar sakamako. Da damina, in rafi ya kawo, takarda kan yi kwana goma a hanya, Hawwa'u ta yi ta faɗa, har rafin ba ta bari ba.

Bara aka kira ta Anka. Abdussalam, mai kula da kwamfutocin asibitin can, ya damƙa mata ƙaramar kwamfuta, ya ce daga ƙauye za ta riƙa shiga tana ganin sakamako ranar da ya fito. Sai ta sa kalmar sirri, sannan lambobi shida su shigo wayarta, in ta yi nawa su mutu. Ya kafa mata sharuɗɗa: kada kowa ya leƙa, kuma kada ta karanta sakamakon yaro sai ta ji sunansa daga bakin wanda ya kawo katin.

"Inna, ko ni na tambaye ki kalmar ga, kar ki hwaɗa min," in ji shi.

"Kai ɗin wa?" ta ce. "Mijina ma bai san inda nika aje makullin ɗakin magani ba."

Abin da Abdussalam bai sani ba, duk ƙauyen wuri ɗaya ke da sabis, gindin wata tsamiya a kan tudun bayan kasuwa, kuma nan kowa ke zuwa buga waya. Ranar farko da ta buɗe kwamfutar, kafin lambobin su shigo kawuna sun rufe ta. Sambo mai nama har numfashi yake mata a wuya. Ba ta yi wata-wata ba ta ja babban hijabinta ta lulluɓe kanta da kwamfutar gaba ɗaya. Tun daga nan ake ce mata mai ɗaukar hoto, irin na da mai lulluɓe kai da ƙyalle. Takan fito sharkaf da zufa tana masifa, amma babu wanda ya taɓa jin ciwon wani daga bakinta, saboda haka ake sonta duk da faɗan.

Wata ranar kasuwa da hantsi Habsu ta hau tudun da ƙwaryar nono a kai. Bafulatana ce daga rugar da ke bakin rafi. 'Yarta ta fari ta sha maganin dalma zagaye biyu, an sake ɗibar jininta, in gubar ba ta sauka ba sai an kwantar da ita a Anka. A wajensu kuwa uwa ba ta faɗin sunan 'yar fari, ba ta nuna damuwa da ita a gaban mutane. Shekara uku Hawwa'u ba ta taɓa jin ta ambaci yarinyar ba.

Habsu ta kwance kati daga bakin zane, ta miƙa tana kallon wani wuri.

"Kakatta ta aiko ni," ta ce.

Hawwa'u ta karɓi katin ta dube ta, tausayi ya kama ta. Ga sharaɗin suna, ga mutane sun kasa kunne. Ta san sunan sarai, ita ta rubuta katin, amma ba ta taɓa karya sharaɗi ba, kuma ba za ta kunyata yarinyar mutane ba. Sai ta ɗaga gefen hijabin.

"Aje ƙwaryar ki shigo, ɗiyata. Riƙe min wayar ga za ki yi."

Suka duƙa su biyu a ciki. Lambobi suka shigo, shafi ya buɗe, Hawwa'u ta kare shi da tafin hannu.

"Ba mai ji sai ni," ta raɗa mata. "Mi a sunanta?"

Habsu ta yi ta juya wayar a hannu har Hawwa'u ta fara tsoron kwamfutar za ta kulle kanta. Can ta ce, a hankali ƙwarai, "Humaira."

"Tau, Humaira ta warke. Gubar ta sauka, ba za ta Anka ba."

Habsu ta kifa fuska a kafaɗarta. Ba ta ɗaga murya ba, hawaye kawai ke zuba, tana maimaita sunan, kamar mai ramuwar shekara uku. Hawwa'u, da ba ta iya jira, ta jira ta har ta gama.

Da suka fito fuskar Habsu a bushe take. Ta ɗauki ƙwaryarta ta ce za ta kai wa kaka saƙo, ta gangara. Sambo ya dubi kafaɗar Hawwa'u da ta jiƙe.

"Likita, yau kam kin sha zahi."

"Awo," ta ce tana rufe kwamfutar. "Zuhwa ce. Matsa ka ba ni wuri."