Allurar da Ta Ɓace a Injin Auta

Ƙirgau ake ce masa a layin kanikawa, kuma sunan ya bi shi har gida, don ko matarsa idan ta so tsokana da shi take kiransa. Shekara talatin yana gyaran injin motocin tsere a wani gareji mai ƙofa ɗaya, kuma bai taɓa rufe inji ba sai ya ƙirga duk abin da ya ciro. Yana da wani farin faranti da maganaɗisu ɗaure da zare, waɗanda ko ɗan'uwansa ba ya ara wa.

Ɗan'uwan nan shi ne Auta, direban tsere, mutum mai shekara arba'in da har yanzu bai iya zama wuri ɗaya ba. Mai motar da yake tuƙa wa ya riga ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: injin ya mutu a filin tsere sau biyu, idan ya sake mutuwa ranar Asabar, wani zai hau kujerar. Ga shi ranar Laraba injin ya fara wata ƙara, ƙas-ƙas, kamar ana taunar tsakuwa.

Ƙirgau ya buɗe saman injin. A nan akwai wasu ƙarafa goma sha shida da kanikawa ke kira roka, su ke danna bawul, wato ƙofar shiga da fitar iska, ya buɗe ya rufe. Kowanne yana lilo a kan wani guntun ƙarfe da ke zagaye da siraran boris masu kama da allura. Idan aka matsa wa inji gudu, marfin da ke riƙe da su yakan saki, alluran su zube ciki. Abin da ya faru ke nan da roka ɗaya.

"Duka sha shidan zan sauya," in ji Ƙirgau. "Zan fitar da masu alluran, in matsa bushi, wato zoben tagulla, a madadinsu, in kulle kowanne da maƙalin ƙarfe. Tagulla ba ta da abin zubarwa."

"To Yaya, a yi mana, lokaci na tafiya."

Aikin bai wuce yini ba. Amma kafin ya rufe, sai ya ware lafiyayyen roka ɗaya ya ƙirga alluransa, talatin da uku. Ya juye baƙin mai, ya kwance kaskon mai na ƙasan injin, ya bi shi da maganaɗisu, ya jera abin da ya samu a farantin. Talatin da biyu.

"Saura ɗaya," ya ce.

Ran Auta ya ɓaci. "Haba Yaya, wataƙila ta bi tsohon mai ta fita. Abin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba?"

"Ɗan hakin da ka raina."

"Ni za a kora, ba kai ba."

Ƙirgau ya ci gaba da bin kaskon da maganaɗisu. Auta ya san dalili, duk gidan sun sani. Lokacin da Ƙirgau yake sabon bakanike ya taɓa rufe inji da allura ɗaya a ciki, ya ce ba komai. Injin ya ƙame a kan kwana, direban ya rayu, amma da sanda ya ƙarasa rayuwarsa. Tun ranar Ƙirgau yake ƙirga.

Alhamis ta wuce suna nema. Idon Ƙirgau ya yi rauni, tabarau ma ba ya isarsa, don haka da yatsa yake lalube. Auta ya gaji da zagaye garejin yana huci, ya ga ba sarki sai Allah, ya tuɓe rigarsa ya karɓi tocila. Ranar Juma'a da hantsi suka ciro famfon mai, Auta ya haska ragar bakinsa, sai ga ta nan. Ta riga ta huda ragar, rabinta ya shige. Gudu ɗaya mai ƙarfi ya rage ta faɗa cikin famfon.

Auta ya zauna a kan tsohuwar taya. Ya san gudun da yake shiga kwana da shi. Kunya ta kama shi, godiya kuma ta cika masa ciki har ya rasa ta inda zai fara.

"Yaya, ka yafe mini."

"Sa ta a faranti tukuna," in ji Ƙirgau. "Ka ƙirga da kanka, idona ba ya gani."

Auta ya ƙirga a hankali, da ƙarfi, kamar ɗan aji ɗaya. Talatin da uku.

Ranar Asabar Auta na huɗu ya zo, ba kofi ba hoto, amma injin ya kai shi ƙarshe lafiya lau, kujerar kuma ta zauna a hannunsa. Daga filin bai tsaya ko'ina ba sai gareji. Ya tarar da yayansa yana goge faranti.

"Na nawa ka zo?"

"Na huɗu."

Ƙirgau ya sunkuya ya shafa ƙafafun ƙanensa, dama da hagu, kamar yadda yake laluben inji.

"Biyu," ya ce. "Alhamdulillahi, sun cika."